Alhamis Goma Sha Ɗaya Da Na Ɓoye Wa Haidar

Jama'a barkanku da warhaka. Na ga saƙonninku, musamman masu cewa, "Afrah kina ja mana rai, me ya haɗa ki da Haidar har kuka kwana biyu ba kwa magana?" To yau zan faɗi gaskiya tun daga tushe, ko da za ku yi min dariya. Ba wata mace ba ce, ba kuma wani saurayi ba ne. Wasu 'yan ƙarafa ne guda uku masu fiffike, ko tsawon biro ba su kai ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Afrah, shekarata ashirin da huɗu, ni ce auta a gidan Alhaji Yahaya da ke Nassarawa GRA. Na karanta harhaɗa magunguna, ina aiki a wani kantin magani a Giginyu daga safe zuwa ƙarfe uku. Haidar kuma injiniya ne, gidansu a Hotoro, mahaifiyarsa Hajiya Maryam Nana ƙawar Mamina ce tun suna sakandare. Su biyun ne suka haɗa mu. Ranar farko na fita ne da niyyar nemo laifinsa, na duba sama na duba ƙasa ban samu ba, in ban da turaren da yake zubawa kamar ba da kuɗi ake saya ba. Ranar zuwansa zance kuwa Alhamis ce bayan la'asar.

Shi kuma Abbana, tunda ya yi ritaya, ba ruwansa da ƙwallo, ba ruwansa da siyasa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: wasan dat, wannan da ake jifan zagayayyen allo da ƙananan kibiyoyi. Ya koyo shi lokacin da ya je kwas Ingila tun ba a haife ni ba, kuma har yau allonsa yana rataye a garejinmu. Wasan ba wuya a faɗa. Kowa yana farawa da maki ɗari biyar da ɗaya, kuna jifa uku-uku ana ragewa, wanda ya riga kaiwa sifili shi ya ci zagayen. Sai dai jifan ƙarshe dole ya shiga wani siririn zobe da ke bakin allon, wanda yake ninka lamba biyu. A nan ake jin kunya. Yayyena maza duk sun gudu, ni ce na tsaya ina ciro wa Abba kibiyoyi tun ina 'yar firamare, har wata rana ya miƙo min ya ce, "Jefa mu gani."

Shekara shida da suka wuce shi da amininsa Baba Shawulu, tsohon malamin lissafi ɗan Wusasa, suka kafa gasa irin ta ƙwararrun da suke kallo a talabijin. Mutum takwas, mako goma sha huɗu, kowa ya haɗu da kowa sau biyu, huɗun da suka fi maki su fafata a ranar ƙarshe, zakara ya tafi gasar ƙasa a Legas. Ana yi ne a Zauren Lambu, wani tsohon gini mai dogayen tagogi a bayan layinmu, inda tsofaffin ma'aikata suke haɗuwa su sha shayi su yi gardama. Ranar wasa kuma Alhamis, bayan la'asar. Kun fara gane inda aka dosa ko?

Saura kwana tara a fara gasar bana, iska ta juya mana dish ɗin talabijin da ke kan rufi ana tsakiyar nuna wasa. Maimakon Abba ya jira mai gyara, sai ya jingina tsani ya hau da kansa, dattijo ɗan shekara sittin da bakwai, da silifa. Allah ya taƙaita, wuyan hannunsa na dama ne kawai ya karye. Likita ya ce wata uku ko cokali mai nauyi kada ya ɗaga.

Baba Shawulu ya zo dubiya da ledar lemo, ya zauna a falon Abba yana ta juya hularsa.

"Alhaji, ka san dokar da muka rubuta da hannunmu. Wanda bai zo mako biyu ba, gurbinsa ya tafi ga na layi. Sai fa in wani daga gidansa zai tsaya masa."

Ina cikin zuba musu kunun aya ne. Na ɗago, na ga su biyun ni suke kallo.

Mami da ke bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, kada ma ka fara."

"Ni me na ce, Zulaiha?"

"Idonka ya faɗa. Budurwa, ana maganar aurenta, ta je ta tsaya cikin maza tana jifa? In Maryam Nana ta ji fa? Matar da ko dariya da ƙarfi ba ta so 'ya mace ta yi?"

Baba Shawulu ya ce, "Hajiya, duk cikinmu ba wanda bai yi jika ba, in ban da Tony. Kuma Milka tana zuwa kullum, ita ke rubuta mana maki." Milka 'yarsa ce, tela, ƙawata tun muna yara.

Kwana uku aka yi ana wannan shari'a a gidanmu. Abba ya daina cin abincin rana, wai hannu ne ke ciwo, alhali na kama shi a kicin yana cin dambun nama da hagu. A ƙarshe Mami ta sauko, amma da sharuɗɗa: Ɗahiru direba ne zai kai ni, Abba yana zaune a wurin daga farko har ƙarshe, kafin a kira magariba ina gida, sannan ko da wasa kada maganar ta je Hotoro.

"Har shi Haidar ɗin?" na tambaya.

"Shi ne ma na farko. Namiji in ya ji abu, uwarsa ta ji."

Ni kuma, Allah ya sani, ban yi musu ba. Tsoro nake ji kada in faɗa masa ya ce a'a, don ban san wanda zan zaɓa ba.

Matsala ta farko kaya. Na gwada jifa da hijabi, kibiya ta maƙale a bakinsa. Na gwada da abaya mai faɗin hannu, hannun ya riƙa kaɗa min kamar tuta. Milka ce ta ɗinka min dogayen riguna uku na atamfa masu tsukakken hannu da maɓalli a wuyan hannun, ɗaya kore, ɗaya ruwan toka, ɗaya mai zanen ganye, na riƙa naɗa mayafi ina kama shi da fil biyu a kafaɗa. Mami ta zagaya ni sau biyu ta ce, "To, ba laifi. Aƙalla in za a yi abin kunya a yi shi cikin sutura."

Sai saƙon da na tura wa Haidar a daren Talata bayan isha:

Ni: Don Allah ko za mu mayar da zuwanka Asabar? Alhamis zan riƙa raka Abba wani taronsu, ka ga hannunsa.

Haidar: Allah sarki, Allah ya yi miki albarka. Asabar ɗin ma ta fi min. Me zan kawo wa Abba?

Kun ga irin mutumin da na yi wa rabin gaskiya ko? Sai da na kifa wayar a kan filo.

Makon farko Mista Tony aka haɗa ni da shi, zakaran shekara uku a jere, wani dogo mai sayar da kayan gyaran janareta, wanda ba ya magana in yana wasa sai dai ya riƙa taɓa gemu. Wanda ya riga cin zagaye huɗu shi ya yi nasara. Ya ci ni huɗu da nema cikin minti ashirin. Kibiyata ɗaya ma a katakon bango ta tsaya. Na ji wani dattijo a baya ya ce, "Allah sarki 'yar Alhaji, ai ta yi ƙoƙari." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A mota na riƙa haɗiye kuka. Abba ya ce, "Kin san me ya kayar da ke? Mutane kike kallo. A gareji wa kike kallo?"

"Allo."

"To allon nan ɗan'uwan wancan ne."

Mako na biyu na ci. Na uku na ci. Na huɗu aka cinye ni da ƙyar. Daga nan dattawan nan suka daina ce min 'yar Alhaji, suka koma "Malama Afrah", wanda ya tausaya min ranar farko kuwa da na ci shi huɗu da ɗaya sai ya ce tabaransa ne ya yi hazo. Kullum in na taso daga aiki sai gareji, awa ɗaya, Abba na zaune a kujerar roba da hannu a rataye yana lissafi da baki. Har Mami ta fara leƙowa, wai ta zo ɗaukar albasa ne. Ranar da na jefa ɗari da tamanin a karon farko, wato duka ukun suka shiga ɗan gurbin da ke ninka ashirin sau uku, ita ta fara yin guɗa kafin ta tuna ba ta goyon baya.

Ta ɓangaren Haidar kuwa abu ya fara tsami. Duk Asabar zai zo cikin shaddarsa mai ɗaukar ido, mu zauna a ƙarƙashin rumfar lambu, Hauwa mai aikinmu ta kawo zobo da samosa, ya ce, "Ya taron Abba?" in ce, "Lafiya lau," in yi sauri in canja magana. A mako na tara ya kira ni ana tsakiyar wasa. Ina ƙoƙarin kashewa ashe ɗagawa na yi, na jefa wayar a jaka. Minti huɗu yana jin tafi da muryoyin maza, wani yana ta kiran sunan Tony, da Baba Shawulu yana ɗaga murya, "Afrah, saura miki talatin da biyu!"

Da yamma saƙo ya shigo.

Haidar: Wane irin taro ne ake kiran sunanki ana tafi?

Ni: Dattawa ne kawai, suna da barkwanci.

Haidar: Talatin da biyun me ya rage miki?

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura masa hoton fuska mai dariya. Bai amsa ba. Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo, amma ko rabin awa bai yi ba, samosa ma ɗaya ya ci. Duk wanda ya san Haidar ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mako na goma sha ɗaya ya zo ina ta biyar a jeri, maki ɗaya tsakanina da na huɗu. Wanda zan kara da shi kuma Mista Tony ne, wanda tun farkon gasar ba a ci shi ba. Na sa rigata kore, na yi sallar la'asar, na yi addu'a har da ta neman tsari daga abin kunya. An yi ruwa da rana, garin ya yi sanyi, zauren ya cika har da matan wasu daga cikin dattawan da suka ji labari suka zo ganin "yarinyar nan".

Abin da ban sani ba, a daidai lokacin Haidar ya tsaya a ƙofar gidanmu da kwalin dabino, wai ya zo duba Abba. Mami tana wanka. Hauwa ce ta fito, ya tambaye ta ina mutanen gidan, ita kuma baiwar Allah ko a jikinta ta ce, "Ai suna wurin jifa. Yau Anti Afrah da Mista Tony ne." Har da nuna masa hanya.

Mu kuma a zaure an kai uku da uku. Ban san yadda aka yi ba, ni dai na daina jin kowa. Zagayen ƙarshe Mista Tony ya rage saura arba'in, ya jefa uku duka suka kauce, ya taɓa gemu ya koma gefe. Ni saura min hamsin da shida. Lissafin a bayyane yake: in jefa sha shida, sannan in nemi zoben ashirin a can saman allo.

Na jefa ta farko, ta shiga sha shida. Na ɗaga ta biyu. Sai hancina ya jiyo wani ƙamshi.

Jama'a, ko a cikin kasuwar Kwari aka rufe min ido zan gane turaren nan. Na ɗan waiga. Ga shi tsaye a bakin ƙofa, shadda ruwan sararin sama, hula zanna, kwalin dabino a hannu, yana kallona kamar ya ga aljana.

Kibiya ta biyu ban san inda na jefa ta ba. Daga baya Milka ta ce min a jikin kalandar bango ta tsaya, a kan watan Agusta.

Zauren ya yi tsit. Na ce a raina, shi ke nan Afrah, ga aure ya tafi, ga wasa zai tafi. Sai na ji muryar Abba a hankali daga kujerarsa, ko ɗagowa bai yi ba: "Allo, Auta."

Na juya. Na ja numfashi. Na ce tunda dai an riga an gan ni, gara a gan ni da dalili. Na saki ta uku.

"Wasa ya ƙare!" Baba Shawulu ya faɗa da wata murya da ban taɓa jin yana da ita ba. Dattawa suka miƙe, wani ya kifar da kofin shayi, matan nan suka ɗauki guɗa, Abba ya manta da karaya ya ɗaga hannu ya ce wash. Mista Tony ya zo gabana ya ɗan russuna ya ce, "Malama, yau kin koya min karatu." Shi ne dogon zancen da na taɓa ji daga bakinsa.

Ko da na waiga, bakin ƙofa ba kowa. Kwalin dabinon ne kawai a kan benci.

Na same shi a waje jikin motarsa, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ruwa na ɗiga a kafaɗarsa.

"Haidar, don Allah ka tsaya in yi maka bayani."

"Tun yaushe?"

"Mako goma sha ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Kin san me na yi ta saƙawa a raina tun ranar da na ji muryoyin nan? Har Yaya Usaid na tambaya ko ya san wani Tony a unguwarku." Yaya Usaid wansa ne. Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Afrah, ni ba wasan ne ya dame ni ba. Na ga jifan nan, tsigar jikina sai da ta tashi. Abin da ya dame ni, wata uku kina zaune da ni duk Asabar, kin riga kin yanke min hukunci cewa ni mutum ne da ba za a faɗa wa ba. Ko tambayata ba ki yi ba."

Na buɗe baki in ce Mami ce, sai na ji ba zan iya ba, don na san ba ita kaɗai ba ce. Ya buɗe mota ya ce, "Ki gaida Abba. Dabinonsa yana ciki." Ya tafi.

Kwana biyun da kuke tambaya ke nan. Juma'a ban ci abincin kirki ba. Na rubuta saƙo mai tsawon shafi biyu, na karanta na ga duk kare kai ne, na goge. Mami ta yi ta zirga-zirga tana cewa, "Na faɗa, ai na faɗa," har Abba ya ce, "Zulaiha, abin da kika faɗa shi ne a ɓoye, kuma ɓoyewar ce ta jawo." Can ta shigo ɗakina da farfesun kaza ta zauna a bakin gado ta ce, "Kira shi. In ya so ki ce ni na sa ki."

Asabar da safe na kira. Na ce, "Ban kyauta ba. Tsoro na ji kada ka hana ni, kuma ina son wasan nan, kai ma kuma..." Sai na maƙale.

"Ni ma kuma me?"

"Ka ji ai."

"Layin ba kyau, maimaita."

Na san an huce.

Da la'asar ya zo, ya ce ba rumfar lambu yau, a kai shi gareji. Abba har da sa sabuwar hula. Aka miƙa wa injiniya kibiyoyi, ya naɗe hannun riga, ya yi wani tsayuwa kamar a fim, ya ce ai lissafin kusurwa ne kawai. Ta farko ta daki bango ta faɗo. Ta biyu ta shiga lamba uku, ya juyo yana jiran tafi. Ta uku kuwa ta wuce allon gaba ɗaya ta tsaya cak a buhun shinkafar Mami. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Abba ya ce, "Ba komai ɗana, ni ma da haka na fara," alhali na san ƙarya yake.

Muna cikin haka wayar Haidar ta yi ƙara. Ya duba ya ce, "Hajiya ce," ya ɗaga yana murmushi. Ina kallo murmushin ya riƙa raguwa. "Na'am... eh ita ce... a'a Hajiya... eh na sani... to. To, in sha Allah."

Ya sauke wayar ya juyo min da fuskarta. Bidiyo ne Hajiya ta turo masa. Ni ce cikin rigata kore, mayafi ya ɗan zame, ina sakin kibiyar ƙarshe, dattawa na tsalle. Ashe Milka ta ɗauka ta ɗora a WhatsApp, ta rubuta "Ƙawata ta kayar da zakara", daga nan wata ta tura wa wata, har ya faɗa zauren matan unguwar su Hajiya.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce ki je gobe bayan azahar." Ya mayar da wayar aljihu. "Ta ce kuma ki tafi da kibiyoyin."

"Faɗa za ta yi?"

"Wallahi ban sani ba. Shekara talatin ina tare da ita, ban taɓa jin wannan muryar ba."

Mami da ta ji sai da ta nemi kujera. Ta kira ƙawar tata sau uku ba a ɗaga ba. Yau Lahadi tun safe take fito min da kaya: leshi ruwan hoda ta ce ya yi ƙyalli da yawa, abaya baƙa ta ce kamar mai zuwa ta'aziyya, a ƙarshe muka tsaya a kan lafaya ruwan zuma da ɗan siririn awarwaro. Ta ce in bar kibiyoyin a gida in ce na manta. Abba ya ce babba ta ce a kawo, a kai. Na saka su a jaka tsakanin turare da carbi.

Ɗahiru ya tsaya a ƙofar gidansu a Hotoro ƙarfe biyu da rabi. Maigadi ya buɗe, sai na ga motoci biyar a jere a tsakar gida, takalman mata kuma sun cika bakin falo har sun gangaro matakala. Haidar ya fito da sauri, ko hula babu, ya sunkuyo ta tagar mota.

"Afrah, kada ki tsorata. Ba ita kaɗai ba ce. Gwaggonnina ne duka, har da ta Zariya."

Sai labulen falon ya ɗaga. Hajiya Maryam Nana ta tsaya a bakin ƙofa, tabarau a karan hanci, waya a hannu, ta dube ni daga sama har ƙasa, fuskar nan ba dariya ba fushi.

"Haidar, matsa ka ba ta hanya," ta ce. Sannan ta dubi jakata. "Kin taho da su?"